Rigar Mutanen Gaba

Warin leda in tana ƙonewa, shi ne abin da ba na iya zama kusa da shi. Ko ina tsakiyar ciniki a kasuwar Gwaram, wani ya cinna wa bola wuta, sai in tashi. Mutane na cewa tsirfa ce. Bari in gaya maka dalili kai tsaye, ni karatuna aji uku ne, ban iya kwana-kwana ba.

A wani ƙauye na tashi ta wajen Sundimina, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa, mu dai labarinsu muke ji. Kakana masaƙi ne. A gindin tsamiyar ƙofar gida yake wuni, ƙoshiyar saƙa tana kai da komo. Duk abin da muka sa a jiki daga hannunsa ya fito, mai kauri, mai ƙaiƙayi in sabo ne. Babanmu ya rasu da wuri, sai ƙaninsa, Baffa, yaron mota a hanyar Kano, shi ke ɗawainiyarmu ni da Inna da ƙanwata.

In Baffa ya zo gida, bakinsa ba ya hutawa. Yakan ce wa Kaka, "Baba, naɗe zarenka. Zamani na zuwa da mutum zai tashi sama ba jirgi, ya ɗaga mota da hannu ɗaya."

Kaka ba ya ko ɗagowa. "Kai da buhun gero ke kayarwa?"

Ƙanwata ce ta ɗauki zancen da gaske. Ba ta fi shekarun fara tallan gyaɗa ba. Ta ce, "Baffa, to mata fa? In sun tashi ai iska za ta kware musu zani." Inna ta yi dariya har da hawaye. Daga ranar aka samu abin yi. Baffa ya ce matan gaba wando za su sa mai tsuke a idon sawu, maza kuma su daina babbar riga kar ta sarƙe a reshe. Hula za a yi mata igiya a haɓa. Ƙanwata ta ƙara nata: riga mai girma tare da yaro, mai wanke kanta, wadda ranar Sallah za ta rikiɗe ta koma ja. Ni takalmi kawai na roƙa, wanda ƙaya ba ta hudawa.

Da damina ta yi nisa Baffa ya kawo mata rigar nailan, ruwan hoda, tana sheƙi. Ya ce, "Ga ta farko a kayan mutanen gaba." Ka wanke, kafin ka juya ta bushe. Kaka ya murza ta da yatsa ya ce wannan ba auduga ba ce, bai san sunanta ba. Ƙanwata ta ƙi cire ta.

Wata safiya bayan ruwa muna gasa masara a murhu, ta sunkuya hura wuta, bakin rigar ya kama. Mu saƙi muka sani. Saƙi in ya kama wuta, ka buga da tafi, ya mutu, ka kaɗe toka. Haka Inna ta yi. Rigar ba ta yi toka ba, narkewa ta yi, ta manne a jikin yarinyar, ta manne a hannun Inna. Da aka ja, da fata ta taho.

Baffa ya goya ta, muka nufi asibiti a Birnin Kudu, ina biye da shi da gudu, Inna a baya ta ɗaga hannuwa sama kamar mai roƙo. Muka iske rafi ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa. Ba gada, ba kwalekwale. Baffa ya shiga, ruwa ya kai masa ƙirji, ya ja shi, ya dawo da ƙyar. Ya sake shiga. Ya sake dawowa.

Sai ƙanwata ta ce a hankali, "Baffa, ka tashi da mu mana."

Tsayawa ya yi yana kallon waccan gaɓar, ga ta nan, jifa ɗaya. Kafin ruwan ya janye ƙanwata ta cika. A farin da Kaka ya saƙa aka naɗe ta. Baffa bai ƙara yin zancen gaba ba har ya bar duniya.

Yanzu an yi gada a wurin. Masaƙa sun ƙare, kowa roba yake sawa, ba kuma wanda ya tashi sama. Ni dai in zan saya wa yarana yadi, sai na zare zare ɗaya na ƙyasta masa ashana. In ya yi toka, in biya. In ya dunƙule ya yi baƙi, in ajiye. Masu yadi sun san ni, suna ce mini mai ashana.

Kwanan baya autata ta nuna mini wani a waya yana shawagi a sama, mayafi na kaɗawa a bayansa. Ta ce, "Baba, dubi ƙarfi!" Na duba da kyau. Na ce, "Wannan mayafin nasa, wane irin yadi ne?"