Kiran Tsakiya a Komadugu

Ƙarfe takwas na dare, bayan sallar lisha, Kaka Falmata ke fara tatsuniya. Mu huɗu ne a gabanta: ni, ƙanwata Amsa, da 'ya'yan kawuna biyu waɗanda barci ke kwashewa tun ba a yi nisa ba. Ƙauyenmu yana bakin gulbin Komadugu, kusa da garin Shetimari. Lokacin sanyi ne, gulbi ya cika, tattasai yana shanye a tabarmi. Wutar kara muke ji, ƙaurin tattasan yana sa mu atishawa.

Sai na fara bayyana ƙa'idar haye ruwa a wurinmu, in ba haka ba tatsuniyar ba za ta fito ba. Mai hayewa yakan ɗaure kayansa a ka, ya rungumi babbar gora, ya riƙa tura ruwa da ƙafa. Idan ya kai daidai rabin faɗin gulbin, sai ya ɗaga murya ya ce, "Tsakiya!" Kafin wannan kira, in ruwa ya rinjaye shi, mutanen gaɓar da ya baro ne za su faɗa su ciro shi. Bayan kiran, nauyinsa ya koma kan mutanen gaɓar da ya nufa. Kalmar ta bi mu har gona da hanya. In an tambayi mai tsinkar tattasai ko matafiyi, "Ka yi tsakiya?" ana nufin ko ya kai inda komawa da ci gaba wahalarsu ɗaya.

Kaka ta ce an yi wani ƙaƙƙarfan saurayi wanda yake ganin kiran nan aikin tsofaffi ne. Takan kumbura murya ta kwaikwaye shi: "Ni da nake ratsa ruwa kamar kada, in tsaya ina ihu kamar akuyar da aka kama?" Ranar kasuwa ya shiga ruwa shiru. Yana cikin tafiya gorarsa ta tsage. Na baya suka ce ƙato irin wannan ai ya daɗe da wuce tsakiya, na hayi za su ɗauke shi. Na hayi suka ce ba su ji kira ba, har yanzu na can ne. Suka tsaya suna kallon juna, har kansa ya nutse.

"Mugaye ne, Kaka?" in ji ni.

"Ba mugu ko ɗaya a cikinsu, maigidana. Kowa jiran wani yake."

Amsa ta ce, "To an same shi?"

"An sami gorar. Ke kuwa, kishiyata mai baki kamar ganga, kada ki damu. In kika kira, har mutanen garin Maine za su ji."

Muka yi dariya, ta kore mu mu kwanta.

Ga abin da ya biyo baya. Kaka ta rasu. Amsa ta yi aure a hayin gulbi, ɓangaren Najeriya, ta haifi ɗa, Bukar. Shekarar da masu bindiga suka shiga garinsu, jama'a suka kwararo bakin gulbi da almuru, ruwa kuwa a cike. Muna wannan gaɓa da igiyoyi da goruna. Wani maƙwabcinta ya fito da Bukar a wuyansa, ya ce mini, "Uwarsa tana bayana." Ranar ba wanda ya kira tsakiya, don duk inda murya ta tashi nan bindiga take juyawa. Muka ciro waɗanda idonmu ya gani. Amsa ba ta cikinsu.

Na tambayi waɗanda suka haye. Wasu sun ce sun gan ta cikin ruwa har ƙirji. Wata tsohuwa ta ce a'a, da Amsa ta ga ƙarfin ruwan sai ta juya, masu bindigar suka haɗa ta da matan da suka tafi da su.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga mai girman kai. Yanzu na ga ƙa'idar kanta tana buƙatar abu biyu: bakin da zai iya kira, da mutane tsaye a gaɓa biyu. Ranar duk ba mu da su.

Bukar yana hannuna a Diffa, inda na koma da zama, ya girma har ya fara tambaya. Dangi sun ce in yi mata sadakar mamaci a huta. Na ƙi, don ban san ko tana wani wuri tana numfashi ba.

Mai karatu, in kana cikin waɗanda suka haye a waɗancan kwanaki, ko ka san wata da ta kuɓuto daga daji, ga kamanninta: doguwa ce, baƙa, da tabon ƙuna a bayan hannun dama. Ka zo layin masu tattasai a kasuwar Diffa, ka tambayi kawun Bukar. Ka faɗa mini inda aka gan ta na ƙarshe, a ruwa ko a tudu, ko da labarin ba mai daɗi ba ne.