Ɗorin da Labbo Ya Yi wa Babur

A Nahuce in ka ce Labbo, sai a tambaye ka wane Labbo. In ka ce Labbo Maɗori, ko baƙon jiya zai nuna maka gidan. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana ɗora karaya, daga masu faɗowa daga mangwaro har dattawan da jaki ya kayar, kuma duk inda aka kira shi a kan babur ɗaya yake zuwa. Babur ɗin baƙi ne ɗan Ingila mai fulogi biyu, na hannu ya saye shi wurin wani ma'aikacin jirgin ƙasa a Gusau, tun kafin ya auri Lami. Nauyi gare shi kamar bijimi. Ƙara kuwa, tun yana bakin gari ake jin ta, a shimfiɗa wa Labbo tabarma.

Labbo ba shi da sauƙi, kada in yi muku ƙarya. Ba ya yanka wa kowa kuɗin ɗori, amma kada ka kuskura ka koya masa aikinsa. Yana riƙe da ƙa'idar da ya gada wurin ubansa: hannun da ya ɗaura shi ke kwancewa. Ko a bayan Tsafe ya yi ɗori, ranar kwancewa sai ya koma da kansa.

Bana babur ya fara tsiya. Yana cikin tafiya sai ya yi tari, ya yi harbi ta salansa, ya mutu. Ranar da Labbo ya ɗora ƙafar wata mata Bara'atu a wani ƙauye bayan Bilbis, a hanyar dawowa babur ya mace masa, ya tura shi awa biyu cikin rana a hanyar da yanzu ba mai son tsayawa. Labari ya kai ga ɗansa Tajuddeen, mai sayar da yadi a Gusau. Bayan 'yan makonni da abin ya sake faruwa, ya zo gida ya durƙusa ya gaida uban, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Baba, wanga ƙarhe ya gama aikinai. Ran Assabat mai gwangwan na zuwa shi ɗauka. In tahiya ta kama, ga mota, ga 'yan kabu-kabu."

"Ni in hau bayan ɗan kabu-kabu, in riƙe mai ƙugu awa buhun gero?" in ji Labbo. "Bisa babur ɗin ga anka kai uwarka asibiti ran da za ta haihe ka."

Tajuddeen ba marar kunya ba ne, tsoro yake ji, kuma yana da gaskiyarsa. Amma Labbo ya san in babur ya bar gidan nan, shi ma ya zama ɗan zaman dakali. Aka ja, aka ja, har suka tsaya a kan magana ɗaya: ranar Asabar zai buga kik sau uku a gaban kowa. In babur ya tashi, ya zauna a gidan. In ya ƙi, mai gwangwan ya ɗauka a matsayin tsohon ƙarfe. Asabar ɗin ce kuma ranar kwance ɗorin Bara'atu.

Ranar Laraba ya loda babur a akori-kura zuwa Sabon Garin Gusau. Makanikan zamani suka kewaye shi suna dariya, har wani ya ɗauki hoto. Suka sauya fulogi, suka wanke kafireto, tari bai fasa ba. Wani mai ɗan furfura, Mu'azu, ya buɗe wani ɗan murfi a gefen inji inda wayoyin fulogi suka fito. A ciki akwai baƙin abu kamar ɗan yatsa, da jan ƙarfe a bakinsa, zaune a kan sanda. Mu'azu ya ce rota ke nan, ita ke juyawa tana raba wa fulogi biyun wuta. Ya duba bai ga tsagewa ba, ya ɗauki murfi zai rufe.

"Dakata," in ji Labbo.

Ya ɗora yatsu biyu a kanta ya lumshe ido, yadda yake laluben hannun mai targaɗe. Ya ji tana ɗan wasa, dama da hagu.

"Wagga ba karaya ta ba. Gocewa ta."

Mu'azu ya taɓa, ya yarda ramin rotar ya cinye, shi ya sa wuta ke zuwa ba a kan lokaci ba. Amma ya ce sai dai sabuwa, sabuwa kuwa ko a Kano an daina ganinta.

Labbo ya komo gida ya yi abin da maɗori kaɗai zai yi. Ya ɗebo man shanu ya mulke rota tas, ya naɗe sandar da tsumma, ya yi tofi, ya mayar. Da ya gwada washegari, babur ɗin da ke tari a da, ko tarin ma ya daina, don man ya toshe bakin jan ƙarfen. Lami ta fito da ludayi a hannu ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, saura ka dama mai kunu shi sha."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya wanke komai da fetur, ya zauna a inuwar zaure yana juya rota a tafin hannu. Can ya tuna ai ba mai ke riƙe ƙashi ba, ba kuma tsumma ba. Karan ɗori ne. Ƙarfe kuwa sai karan ƙarfe. Ya shiga madafa ya ɗauko gwangwanin tumatir, ya yanko siririn falle da almakashin Lami, tana faɗa yana yi. Na farko ya yi kauri, rota ta ƙi shiga. Na biyu ya yi kaɗan. Bayan an sauko daga Juma'a ya yanko na uku, ya naɗa shi a sandar, ya daidaita haƙorin rota da tsagin sanda, ya danna da babban yatsa har ta zauna daram. Ya laluba, ba motsi.

Lami ta ce ya gwada tun ba kowa. Ya ƙi. Ba a taka ɗori ranar da aka yi shi, kuma ba zai karya ƙa'ida don babur ba.

Asabar da hantsi mai gwangwan ya iso da sikelinsa, maƙwabta suka cika ƙofar gida. Labbo ya hau, ya yi bisimilla, ya buga. Shiru. Ya sake bugawa, babur ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Mai gwangwan ya fara warware igiya. Labbo ya kalle shi, ya miƙe tsaye a kan kik, ya sako nauyin shekara saba'in gaba ɗaya.

Inji ya kama da wani irin ruri, sumul ba tari, har kaji suka watse. Amma tare da shi wani abu ya ce ƙas a gwiwarsa ta dama, zafi ya hau masa har ƙeya. Ya san wannan ƙarar, ya ji ta a jikin mutane ya fi sau dubu. Bai yamutsa fuska ba. Ya ɗora ƙafar a mataki a hankali, ya dogara da ta hagu, bai kashe inji ba.

Tajuddeen ya sunkuyar da kai ya sallami mai gwangwan. Lami ta fito da jakar ɗori, ta tsaya tana ɗaure ta a bayan babur, ta matso kusa da kunnensa.

"Malam, na ji gwiwar."

"Inji kinka ji," in ji shi. "Ɗaure da kyau, matar mutane na jira."

Ta ƙara ƙulli ɗaya. Ya sa giya ya kama hanyar Gusau zuwa Bilbis.