Ruwan da Baba Ya Zuba a Tsibiri

Ko da zan manta komai na shekarun da na yi a Jidda, ba zan manta yinin da muka yi a wani ɗan tsibiri a tsakiyar Bahar Maliya ba. Har yau ban san sunansa ba, amma in na rufe ido ina ganinsa.

Lokacin ina aikin sito a tashar jiragen ruwa. Mu huɗu muke ɗaki ɗaya a unguwar Mahjar: ni, da wani Bahaushen Sudan mai yawan barkwanci, da wani haifaffen Jidda wanda rabin Hausarsa Larabci ne, sai dattijon da ke gadin sitonmu, wanda duk muke ce wa Baba. Wata shekara bayan an gama hidimar alhazai, kafilinmu, wato ubangidan da muke aiki a ƙarƙashinsa, ya ga irin aikin da muka sha, sai ya ɗauki shatar wani jirgin yawon shaƙatawa, ya ce ma'aikatansa su je su yi kwana uku suna zaga tsibirai. Daga gaɓar Abhur, a arewacin Jidda, muka tashi. Baba da farko cewa ya yi ba za shi ba, sai da muka yi ta lallashi.

A rana ta biyu da hantsi jirgin ya tsaya nesa da gaɓa, aka kwashe mu a ƙaramin kwalekwale. Matuƙin jirgin, wani ɗan Yaman, ya ja mana kunne cewa da la'asar sakaliya za mu tashi, domin duwatsun murjani sun kewaye wurin, kuma in rana ta karkata ba a ganinsu a cikin ruwa.

Ni da na tashi a garin da ruwansa na rijiya ne, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Yashin fari fat, laushi kamar garin alkama. Ruwan bakin gaɓa kore ne shar, can ciki kuma shuɗi. Kana tsaye a ciki har ƙugu kana ganin yatsun ƙafarka, kifaye rawaya da ja suna gilmawa ta tsakanin gwiwoyinka ba ruwansu da kai. Babu gida, babu mota, babu mai tambayarka iƙama, takardar izinin zama. Manyan maza masu gemu muka koma yara, muna watsa wa juna ruwa. Ɗan Sudan ya gasa kifi, ya dafa shayi mai na'ana'a. Bayan mun yi azahar na kwanta a inuwar wani dutse, iska tana shafa ni, tsuntsayen ruwa suna shawagi a sama ba sa ko kaɗa fiffike. Ban san sanda barci ya ɗauke ni ba.

Haifaffen Jidda ne ya tashe ni. Ya ce, "Ya akhi, tashi. Baba ma fi, ba a gan shi ba. Mun duba ko'ina."

Sawunsa muka bi a kan yashi. Ya ratsa ta cikin wasu gajerun itatuwa, ya hau ɗan tudu, ya gangara ɗaya gefen tsibirin inda hayaniyar mutanenmu ba ta kaiwa. Can muka hango shi zaune, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. A gabansa akwai wasu tudun yashi guda bakwai, an kewaye kowanne da fararen duwatsu, duk sun jeru fuska ɗaya. Sai da muka matso na gane kaburbura ne. Babu rubutu a kan ko ɗaya.

Ɗan Sudan ya durƙusa ya ce, "Baba, lafiya? Ka tayar mana da hankali."

Bai juyo ba. A hankali ya fara magana, kamar mai ba kansa labari. Ya ce da ƙafa iyayensa suka taso daga ƙasar Haɗeja za su aikin hajji, shi yana goye. Sun yi shekaru a Sudan suna ƙwadagon auduga kafin su kai bakin teku, lokacin ya kai shekara bakwai. Suka shiga jirgin katako irin mai tafiya da iska. A tsakiyar teku iska ta ɗauke, kwana da kwanaki jirgi na tsaye, ruwan sha ya koma ana raba shi da ɗan moɗa. Inna, mahaifiyarsa, takan ce ta sha nata, ashe shi take ba wa. Zazzaɓi ya kama ta, ta rasu. Aka ratse wani tsibiri aka binne ta.

Ya ce, "Abin da na riƙe kawai farin yashi ne, da tsuntsaye. Da kuma mahaifina yana cewa babu ruwan da za a yayyafa wa kabarin, amma in mun sauke farali za mu dawo. Ba mu dawo ba."

Na ce, "Baba, nan ne?"

Ya ce, "Ban sani ba, ɗan nan. Tsibiran nan duk kamarsu ɗaya."

Daidai nan muka ji jirgi ya yi oda. Haifaffen Jidda ya ce, "Ammi, yalla, za su tafi su bar mu." Baba bai motsa ba. Ni kuwa na kasa ce masa ya tashi. Sai na ruga na koma gaɓa, na tarar kowa ya hau kwalekwale, matuƙi na bakin ruwa yana ta faɗa yana nuna rana. Da guntun Larabcina na gaya masa abin da ake ciki. Ya tsaya yana kallona, sai ya sunkuya ya ɗauki jarkar ruwan sha ya ce in wuce gaba.

Shi da kansa ya miƙa wa Baba jarkar. Baba ya miƙe, ya bi kaburburan nan ɗaya bayan ɗaya yana zuba wa kowanne, bai tsallake ko ɗaya ba, yashi yana shanyewa nan take. Muka ɗaga hannu muka yi addu'a. Da muka shafa, matuƙin ya dafa kafaɗarsa ya yi magana, haifaffen Jidda yana mayar mana da ita Hausa. Ya ce irin waɗannan kaburbura suna nan a tsibirai da dama, kuma tun yana yaro a jirgin mahaifinsa aka koya masa duk wanda ya wuce ta kusa da su ya karanta musu Fatiha. Ya ce, "Ko nan take ko ba nan ba, ya hajji, mahaifiyarka ba ta rasa masu gaishe ta ba."

Sai a lokacin Baba ya yi kuka.

Mun fita daga cikin duwatsun nan da ƙyar, mutum ɗaya a goshin jirgi yana leƙen ruwa yana nuna wa matuƙi hanya da hannu. Babu wanda ya yi ƙorafin jinkirin. Baba ya zauna a baya yana kallon tsibirin yana ƙanƙancewa, har ya zama ɗan farin zare a kan ruwa, ya ɓace.

Bayan 'yan shekaru Allah ya yi masa rasuwa a Jidda, mu uku muka sa shi a kabari. Abin da ke damuna har yau shi ne, shekara shida muna ci a faranti ɗaya da mutumin nan, na san yawan sukarin da yake so a shayi, amma ban taɓa tambayarsa yadda ya zo ƙasar ba. Na ɗauka mai gadi ne kawai, mai shiru-shiru. Tun daga ranar na koyi cewa in ka zauna da mutum, ka tambaye shi daga ina ya taso, kuma ka tsaya ka ji amsar tun yana da ran ba ka ita.