Ranar Da Inna Ta Kira Sunana

Lokacin sanyi ne, saura 'yan makonni Kirsimeti, a cikin shekarun nan da gwamnatin Ingila ta ɗaure bakin aljihu, duk abin da ka tambaya sai a ce an rage ko an rufe. A shekarar aka rufe ajin da nake zuwa koyon Turanci a laburaren unguwarmu, a shekarar kuma Inna ta rasu a gida ban samu zuwa ko gaisuwa ba, don haka ni dai shekara ce mai nauyi, ko dariya na yi sai in ji kamar aro na yi. Abin da zan ba ku labari ya faru da ni ne da rana tsaka, idona biyu, Allah shi ne shaidata, kuma ban ƙara masa gishiri ba.

Muna zaune ne a Whalley Range cikin Manchester, a wani flat can saman bene, ni da maigida da yake karatu a jami'a da yaranmu uku. Ni kuma ina aikin kula da tsofaffi, in yi musu wanka, in ba su abinci da magani. Amma kafin in shiga labarin sai na gaya muku abu biyu game da Inna, in ba haka ba ba za ku gane ba.

Ni ce 'yar farinta. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce, Inna kuwa ta riƙe wannan da gaske. Tun da na buɗi ido har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai "ke", ko "yarinyar nan", in a waya ne ta ce "ke ce?" Ban taɓa jin haushi ba, haka na taso na gani, haka kuma na yi wa tawa 'yar farin, Yaya nake ce mata kamar yadda ƙannenta ke faɗa. To ita a Manchester ta yi wayo, kuma a makon da zan yi tafiyar da zan ba ku labarinta ta tare ni a kicin, tana shekara goma sha huɗu lokacin, ta tambaye ni da Turancin nan nasu mai sauri ko sunanta ne ba na so. Ta ce duk ƙawayenta uwayensu na kiran sunansu. Na yi murmushi na ce kunya ce, ta ce kunyar me, ita ta yi wani abin kunya ne? Na ce ta je ta yi aikin makaranta. Ta fita idonta ya ciko.

Abu na biyu, Inna ta sha ja mana kunne tun muna ƙanana cewa in ka ji an kira sunanka ba ka ga mai kiran ba, kada ka kuskura ka amsa, ba kowane mai kira ne mutum ba.

To agency ɗin da nake wa aiki, wato kamfanin da ke tura mu gidajen tsofaffi, suka tura ni wani gari a bakin teku, tafiyar kamar awa biyu a jirgin ƙasa, in zauna mako guda da wata tsohuwa mai suna Jean don mai kula da ita ta tafi hutu. Ta haura tamanin, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, ga mantuwa tana zuwa tana tafiya. Ni Goggo nake ce mata, ta kuwa karɓi sunan tana dariya, ita kuma ba ta taɓa iya riƙe nawa ba, sai dai ta ce "love" yadda suke ce wa kowa. Gidanta ɗan ƙarami ne marar bene, cikin jerin gidajen tsofaffi a bayan wata doguwar katanga da ta tare teku. An ce da akwai ma'aikacin da ke zaune a layin yana leƙa su kullum, amma council, wato ƙaramar hukumar garin, ta cire shi wajen rage kashe kuɗi. Ɗanta ɗaya, yana can Birmingham, sai dai waya.

Kwana uku ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ranar ta huɗu da safe wayar gidan ta yi ƙara, na ɗauka na ji muryar na'ura tana maganar ambaliya, a kasance cikin shiri. Can kuma ina yi wa Goggo wanka aka ƙwanƙwasa ƙofa, ba halin in bar ta a jiƙe, kafin in fito mai bugun ya wuce ya bar wata takarda. Karatun Turancina a hankali yake, sai na bi da yatsa, na ajiye ta a tebur na ce bayan azahar na duba. Ɗan Goggo ya kira ya ce ya ji labari a rediyo, hanyoyi sun lalace ba zai iya tahowa ba, yaya nake ganin wajen? Na ce ya dakata in duba. Na fita tsakar gida na ɗaga kai, na ga ruwa ya ɗauke, gajimare na yayyagewa, har rana ta ɗan leƙo, iska ce kawai mai ƙarfi. Na dawo na ce masa ya kwantar da hankalinsa, an wuce wajen.

A nan na yi kuskuren da har gobe nake istigfari a kansa. A ƙauyenmu rafi ne da mu, in sama ta zubo ya cika ya yi hauka, in ta ɗauke ya kwanta, don haka mu sama muke kallo. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa teku ba ruwansa da wannan lissafi, shi sau biyu yake tasowa kowace rana yana bin wata, kuma akwai kwanakin da yake tasowa fiye da kullum, in ya haɗu da iska mai turo shi, ga ƙasa ta riga ta ƙoshi da ruwan sama, to ko rana na ƙwalla zai shigo gari. Na ga maƙwabta na loda kaya a mota, wallahi na ɗauka ziyarar Kirsimeti za su.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ina kicin ina ɗumama mata miya sai na ji an kira sunana. Cikakken sunana na yanka, da Hausa, daga waje, muryar mace. Ludayin ya tsaya a hannuna. A garin nan kaf ba wanda ya san ni, balle ya faɗi sunan daidai yadda ake faɗarsa a gida. Na leƙa taga, ba kowa sai kwandon shara da iska ta kayar. Na tuna gargaɗin Inna, na yi ta'awwuzi na ja bakina na yi shiru, na ci gaba da aikina.

Na ba Goggo abinci, na wanke kwanuka, na shiga banɗaki yin alwala, ina wanke hannu aka sake kira. Wannan karon kusa, kamar a bakin ƙofa, kuma a nan ne na gane muryar. Akwai wata 'yar shaƙewa da muryar Inna ke yi in hankalinta ya tashi. Sai dai ban taɓa jin wannan muryar ɗauke da wannan sunan ba, shi ya sa ma na ƙara tsorata, na ce a raina lallai ba ita ba ce, Inna ko a mafarki ba za ta kira ni haka ba. Na dafe bango na karanta abin da na iya, ban amsa ba. Na ƙarasa alwala na shimfiɗa darduma a falo.

Kafin in tayar da salla aka yi na uku. Goggo tana kan kekenta na guragu tana fuskantar taga, sai ta juyo ta ce mini da Turanci, a hankali kamar mai ba ni labarin yanayi:

"Love, mamanki ce a bakin ƙofar shinge. Tun ɗazu take kiranki. Ki ce ta shigo mana, ƙafarta duk ruwa."

Na ce Goggo, mamana ta rasu. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ce ai kamarmu ɗaya, sai dai ita tana da wani zane a nan, ta ɗaga yatsa ta ja layi a kuncinta na hagu daga gefen hanci. Jama'a, Inna tana da bille a daidai wajen. Ba ni da hotonta a wayata ko ɗaya, ba ta yarda a ɗauke ta, ban kuma taɓa yi wa Goggo zancenta ba.

Na kalli ƙofar shingen, ni ban ga kowa ba. Abin da na gani shi ne ruwa yana bulbulowa daga ramin kwata a tsakiyar titi, yana malalowa shiru, kuma da na sunkuyar da kai sai na ga gefen dardumata ya jiƙe.

Na sa mata riga mai kauri na tura keken waje, kafin mu kai titi ruwa ya kai idon sawu, kafin mu wuce gida uku ya kai gwiwa, sanyinsa kamar ana yanka ni da reza. Can bayanmu ina jin teku na dukan katanga yana tsallakowa. Keken ya ƙi tafiya, ruwa na neman juya shi. Ban san lokacin da na warware babban mayafina ba, na durƙusa a gabanta na jawo ta bayana na goya ta kamar jaririya, na ɗaure a ƙirji na ɗaure a ciki. Ba ta da nauyi, baiwar Allah, duk ƙashi ce. Na juya hagu don ita ce hanyar tasha, ita kaɗai na sani, sai Goggo ta ja ɗankwalina ta baya ta ce ba nan ba, ga ta can ta shiga lungu, mu bi ta. Na bi. Lungun siriri ne, yana hawa sama a hankali, ruwan da ya kai cinya ya dawo gwiwa, har na ji takalmina ya taka busasshiyar ƙasa a gaban wani coci da aka buɗe zaurensa don mutane. Daga baya aka ce mini hanyar tashar nan tana bi ta ƙarƙashin gadar jirgi ne, kuma a ranar ruwan wajen ya shanye mota.

Aka kwance ta daga bayana aka lulluɓe mu da barguna, wata mata ta ba ni shayi. Da motar asibiti ta zo ɗaukar Goggo na sunkuya na tambaye ta ko matar tana nan. Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta tambaye ni ko an ciyar da kyanwarta, kyanwar da ɗanta ya ce ta mutu shekaru da yawa.

Goggo ba ta koma gidanta ba. Sanyin ruwan ya kama ƙirjinta, bayan mako uku ta rasu a asibiti. Ɗanta ya zo har Manchester ya yi mini godiya, na ce masa kada ya gode, ni ce na ce an wuce wajen, kuma da na motsa tun kiran farko da a bushe za mu fita. Ya ce shi ma ai ya san teku, a bakinsa aka haife shi, amma ya yarda da maganata don ita yake so ya ji.

Maigida ya ce gajiya ce da kewar Inna, kuma tsohuwar da ta shekara hamsin a gari dole ta san lungunsa ko da mantuwa. Na ce haka ne. Da na tambaye shi billen fa, sai ya ce in yawaita yi mata addu'a. Ni ban ce Inna ce ta dawo ba, wanda ya tafi ya tafi, Allah ne ya san abin da ya aiko. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, shekara arba'in ina jiran in ji sunana da wannan muryar ban ma san ina jira ba, aka kira ni sau uku, ban ce na'am ko sau ɗaya ba.

'Yan'uwana da aiki ko karatu ke kai ku garuruwan bakin teku, don Allah in an ce ku tashi ku tashi, kada ku tsaya duba sama irin na gida, takardar da aka sako muku kuma ku nemi mai karanta muku nan take. Sauran kuwa ban san shawarar da zan ba ku ba, har yanzu in na ji an yi kira a waje sai na tsaya cak, in kasa amsawa in kasa wucewa.

A zauren cocin nan na kwana. Washegari da sassafe na ari waya wajen matar da ta ba ni shayi, don tawa ta sha ruwa, na kira gida daidai lokacin da yara ke shirin makaranta. 'Yar farin tawa ce ta ɗauka. Ta ce hello sau biyu.

Na ce, "Rukayya."

Yarinyar da kullum in na yi mata magana sai dai ta ce "yeah", sai na ji ta ja numfashi, da wata 'yar ƙaramar murya ta ce, "Na'am, Mama."