Faɗuwata a Hanyar Gudel

Na daɗe ban ce uffan ba a nan. Masu aiko saƙo, "Madam Rahila, lafiya kuwa?" ku gafarce ni. A lokacin ba lafiya ba. Yanzu da sauƙi ya samu, bari in ba ku labari.

Bara na sayi moto, wato babur, don zuwa lakwal, daga Bobiyel zuwa Gudel inda nake koyarwa. Maigidana ya koya mini a filin ƙwallon unguwa: ga giya, ga birki, ga mai. Iyakar karatun ke nan.

Wata safiya bayan ruwan sama, rairayi ya rufe kwalta. Amalanken jaki ɗauke da salati ya shigo gabana, na damƙe birkin gaba da dukan ƙarfina. Taya ta zame.

Kaske, hular kwano, yana kaina, amma ban ɗaure madaurinsa ba. Ya yi nasa waje, na yi nawa.

Mai amalanken, wani dattijo Bazabarme, ya ɗaga ni yana ta cewa "Kala suru," wato sai haƙuri. Ya wanke mini gwiwa da ruwan butarsa. Na ce ba komai. Har aji na shiga ranar.

Sai ciwon kai ya fara. In sha magani ya lafa, ya dawo. Sai amai. Wata rana ina rubutu a allo, alli ya faɗi daga hannuna. Na ɗauka, ya sake faɗuwa.

Yayata Saratu ma'aikaciyar jinya ce. Da na gaya mata, ta tsura mini ido.

"Ranar da kika faɗi, kin bugu a ka?"

"Ɗan kaɗan ne, Yaya."

"Kai ba shi da ɗan kaɗan. Tashi mu tafi."

A asibiti aka yi mini sikanar. Likita ya nuna mana hoton ya ce, "Jini ne ya taru yana danne ƙwaƙwalwa a hankali. Za mu huda mu fitar. Kun zo a kan kari."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Da suke aske mini gashi, ɗiyata kawai nake tunani, wa zai yi mata kitso.

Sikanar, aiki, takardar magani kusan kowace safiya: albashinmu bai kai ko'ina ba. Matan majami'armu suka haɗa abin da suka iya. Iyayen ɗalibaina, Musulmi da Kirista, su ma suka aiko. Inna ta taso daga Dogon Dutsi ta shimfiɗa tabarma gefen gadona, ba ta koma ba sai da aka sallame ni.

Aiki ya yi kyau. Hannun dama ne ya ɗauki lokaci. Masu gashin ƙashi suka ba ni wata ’yar ƙwallon roba, in matsa in saki, har na gaji da ganinta. Ranar da na rubuta sunana ya fito daidai, kuka na yi.

Inna ta ce, "Ki rabu da ƙarfen nan." Ni ma ko ƙarar moto na ji sai gabana ya faɗi. Amma taksi kullum ya fi ƙarfina, kuma aikina ina son sa. Na ce zan koma, sai dai wannan karon sai na koya tukuna.

Na shiga oto-ekol, makarantar koyon tuƙi. Can na ji abubuwan da ba wanda ya taɓa gaya mini. Birki biyu ake haɗawa a hankali, na gaba da na baya. A kan rairayi ba a damƙar birki, tun daga nesa ake rage gudu. In ba ka ganin madubin babbar mota, direbanta ma ba ya ganinka.

Jarrabawar farko na faɗi, ni da nake ba yara maki! Na sake zama, na ci. Permi, takardar izinin tuƙi, yana cikin jakata yanzu, kuma na koma aji.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci, da Yaya Saratu, da duk wanda ya yi addu'a ko ya leƙo.

’Yan'uwa, ku ɗaure madaurin kaske, ko nan da bakin titi za ku. Wanda kuka goya ma ya sa nasa. In kun bugu a ka, ku je asibiti ko da kun miƙe da ƙafarku; ciwon kai, amai ko mutuwar hannu ba abin jira ba ne. Ku je ku koya, ku yi permi.

Maigida ma ya yi rajista a oto-ekol, bayan shekara da shekaru yana tuƙi haka nan. Ni nake yi masa bita da yamma. Ya ce kada in gaya wa kowa.

Ku ma don Allah kada ku gaya wa kowa.