Bawa Ya Bar Ni da Ban Ruwa

Da safen nan ina ƙofar gida a Badariya, ina jiran mai kabu-kabun da zai kai ni lambu, sai waya ta yi ƙara. Hajo ce, 'yar Bawa, daga Argungu. Ko gaisuwa ba ta iya ƙarasawa ba. Ta ce, "Baba Manu, abokinka ya cika."

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Na zauna a kan dakali. Da mai babur ya iso na ce masa ba lambu za mu ba, tasha zai kai ni.

An yi masa sutura kafin azahar. Yanzu na dawo gida, ƙafafuna sun kumbura, na rasa abin da zan yi da kaina, shi ya sa na ɗauki wayar nan ina latsawa da yatsa ɗaya. Ku yi haƙuri da rubutun tsoho.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Bawa abokin aikina ne a wani lambun mangwaro da ke bakin fadama kusa da Ambursa. Shi yana zuwa daga Argungu, ni daga Birnin Kebbi, mu haɗu a tsakiya. Ban ruwa muke yi, ni da shi, tun shekarar da aka sami 'yancin kai.

Muna samari marigayi Alhaji mai lambun ya ɗauke mu. Itatuwan sun riga mu girma, mahaifinsa ne ya dasa su, kuma 'ya'yansu har Sakkwato ake kai su a lori. Lokacin ba inji, sai jigo. Mutum ɗaya yana bakin rijiya yana jan guga yana juyewa, ɗaya yana can cikin itatuwa da fartanya, yana buɗe wa ruwa hanya yana toshewa. Aikin mutum biyu ne, mutum ɗaya ba ya yin sa.

Bazarar farko bayan bikin 'yanci, muna kan jigo, zufa har cikin ido, Bawa ya tsaya ya ce, "Manu, an ce Nasara ya tahi, mun samu kanmu. To ni dai ban ji anka rage ma gugag ga nauyi ba."

Na yi dariya har na saki fartanya.

Doka ɗaya Alhaji ya kafa mana. Da damina ta ɗauke, ba a ba babban mangwaro ruwa ko ɗigo. A bar shi da ƙishi har ya yi huda, har 'ya'ya su kama kamar ƙwayar gyaɗa. Sannan a fara ba shi, kuma ba a gindi ba, a zoben da aka haƙa daidai inda inuwarsa ta ƙare. In an fara kuwa ba fashi. Ka yi fashi a wannan zafin, ka zo ka tarar da 'ya'yan a ƙasa.

Dokar nan ta yi wa Bawa tsauri. Mutum ne da ba ya iya ganin abu yana wahala. Akwai wata bishiya can wajen tudu da ganyenta ya yi laushi, sai ya riƙa kai mata ruwa a tulu in Alhaji ba ya nan. Na ce masa ya bari. Ya ce, "Ni ɗan masunta na, cikin ruwa anka haihe ni. Ba ni iya kallon abu shina ƙishi."

Lokaci ya yi, lambu duk ya yi huda, ƙudan zuma ko'ina. Ita kuwa bishiyar Bawa sai ta fito da sabon ganye jajir, gwanin kyau, ba huda ko ɗaya.

Alhaji bai yi faɗa ba. Tabarma ya sa aka shimfiɗa a gindinta, ya kira Bawa ya ce, "Zamna. Ga rabonka na bana, ci ganye."

Daga ranar ya zama Bawa Mai Ganye. Mutane sun manta da sunan tuntuni, ni ne ban bari ya mutu ba. Har jikokinsa na koya wa.

Bai ƙara karya dokar ba, amma kuma bai taɓa sabawa da ita ba. Da watannin ƙishi sun kama sai ya tattara ya koma Argungu wajen kamun kifi, ya ce zuciyarsa ba ta ɗauka. Ni ke zaman gadi. Ranar da 'ya'ya suka kama kuwa, ko ban aika ba zan gan shi tafe da ƙunshin bandar kifi. Da farko mahaifiyata yake kawo wa. Daga baya matata. Da ita ma ta rasu sai ya riƙa miƙo mini, yana kallon wani waje.

Bayana ya daɗe da lalacewa. In ya ga na fara dafa ƙugu a kan jigo, ba zai ce in huta ba, ya san halina, zan yi gardama. Sai ya jefar da fartanya ya ce ta ishe shi, in zo mu yi musaya. Da inji ya zo ma haka, ni a inuwa wajen inji, shi a rana yana jan tiyo daga wannan zobe zuwa wancan. Ya ce wai ƙarar injin ce ba ya so.

Yanzu Alhaji ya daɗe da rasuwa, lambu ya koma hannun jikokinsa da ke Abuja. Bara inji ya lalace a tsakiyar ban ruwa, 'ya'ya suka zube, ba a sami abin kirki ba. Sai suka aiko cewa in bana ta yi kamar bara, za su sare itatuwan a yi shinkafa kamar maƙwabta. Ban ga laifinsu ba. Ba su taɓa zama a inuwar nan ba, kuma samari ba mai son aikin, kowa ya hau babur ko ya shiga shinkafa. Mu biyu kawai muka rage, tsofaffi, ɗaya ba baya, ɗaya ba haƙora.

Bana huda ta yi kyau, 'ya'ya sun kama, mun fara ban ruwa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ban ruwan da ya wuce ne. Rana kamar za ta dafa mutum. Inji ya ƙi tashi, na ja igiya, na ja, har kafaɗata ta mutu. Na yar da ita na ce, "Bawa, na gaji. Su zo su sare. Mi muka nema har yanzu?"

Bai yi mini musu ba. Ya zo ya zauna kusa da ni yana haki. Na ga hakin ya yi yawa, na ɗauka zafi ne.

Can ya ce, "Ni ma na gaji, Manu. Wallahi na gaji. Amma mu munka hana musu ruwa da gangan har sunka ɗauki ɗiya. Yanzu da suka jiran mu, ba mu gudu. Mu kai su su nuna, sannan kowa shi tahi gida."

Ya tashi ya kama igiyar, ja biyu injin ya ɗauka. Ya ɗauki tiyonsa ya shiga rana.

Da yamma muka fito bakin titi, shi yana jiran motar Argungu, ni ta Kebbi. Tasa ta riga zuwa. Ya leƙo ta taga ya ce kar in manta da fetur, don ya san ni da mantuwa. Na ce, "To, Mai Ganye." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Hajo ta ce bayan sallar asuba ya sa kayan aikinsa, ya zauna zai sa takalmi, ya ce ƙirjinsa. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Yau ce ranar ban ruwa. Da muke dawowa daga jana'iza mota ta bi ta gefen lambun, na hango itatuwan daga titi, ban iya cewa direba ya tsaya ba.

Gaskiya ina jin haushinsa kaɗan, Allah Ya yafe mini. Shi ya ce mu kai su tukuna, kuma shi ya fara tafiya gida.

Ban yi wa kowa alkawarin baɗi ba. Na gaji, kuma yau gajiyar ta fi ta kullum. Amma bana zan kai su. Gobe da sassafe zan tafi da fetur ɗin, don in aka ƙara kwana 'ya'yan za su fara zuba. Abin da ban sani ba shi ne wanda zai riƙe tiyo ina wajen inji. In akwai mai sauran ƙarfi a wajen Ambursa da ya ga rubutun nan, ya taimaka ya zo. Ba ni da abin ba shi sai mangwaro in sun nuna.

Allah Ka jiƙan Bawa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka sanyaya makwancinsa. Ya shayar da bayinKa itatuwa tun yana saurayi har tsufa, Ka shayar da shi ruwan Alkausara. Allah Ka ba Hajo da 'yan uwanta haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a ko da Ƙulhuwallahu ce, kar ya wuce kawai.

Ni kuma ku roƙa mini injin nan ya tashi gobe.