Ranar da Akwati Ya Ci Baffa

Zamanin farar hula na sayar da jakunana na sayi akwatin wasa. Shi ya ci da ni har bayan soja sun karɓi mulki, sannan ya mutu.

Wani alhaji a Bodinga ya zo wa 'ya'yansa da shi daga Makka. Yara suka hana shi sakat da faɗa a kansa, ya ce a raba shi da fitina. Ni lokacin dakon albasa nake, daga fadama zuwa bakin titi. Tun shekarar farin da ya cinye shanun mahaifina ban mallaki komai ba sai jakunan nan. Matata ta ce, "Jaki ko ya mutu ana samun fata. Wanga fa?"

Akwatin bai fi faifai faɗi ba. Da talabijin ake haɗa shi. Gilashin ya yi baƙi ƙirin, sai farar sanda a dama, farar sanda a hagu, da ɗigo fari yana kai da komo tsakaninsu. Mutum biyu ke wasan, kowa riƙe da abin murɗawa irin na rediyo. In ka murɗa, sandarka ta hau ko ta sauka ta tare ɗigon. Wanda ɗigo ya yi ta wucewa, an ci shi.

Na ga majigi, na shiga sinima a Sakkwato. Can kallo ne kawai naka, wanda zai mutu sai ya mutu ko ka fasa maƙogwaro. Nan kuwa hannunka ne a ciki. Ranar da na fara murɗawa na ga sandar nan ta bi ni, sai da na saki na duba tafina.

Wani mai gyaran rediyo a Sakkwato ya haɗa mini shi da ƙaramin talabijin da batirin mota. Na kafa rumfar zana, na lulluɓe ta da tsofaffin buhuna don duhu. Ranar kasuwar Bodinga ina Bodinga, ranar kasuwar Shagari ina Shagari. Sauran kwanaki batir na wurin wani direban babbar mota yana shan wuta. Ban yi boko ba, ban san dokar masu abin ba, sai na ɗauko ta dara: wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya zauna, kuma na zaune ba ya sake biya.

Aka yi ta tafiya lafiya har Baffa ya shigo. Tsohon Bafillace ne daga wajen Horo Birni, yana kawo tumaki kasuwar Shagari. Ya leƙo, ya daɗe yana kallo, sannan ya jingine sandarsa ya zauna a tabarma. Daga ranar ba wanda ya sake tada shi. Mutumin da ya tsufa yana tare maraƙi a bakin rijiya, ɗigo ba ya wuce shi. Ya biyo ni har Bodinga. Samari suka gaji da biya ana kada su, suka koma kallo ta ramukan zana, kuma kallon rami ba a biya.

Lokacin abubuwa sun fara tsanani. Ana maganar tsuke bakin aljihu, sabulu da madara sun ɓuya, direba ya ƙara ladan batir. Akwai ranar da na koma gida ba abin cefane. Matata ba ta ambaci jaki ba, ta dai dube ni.

Na sami Baffa na durƙusa. "Baffa, Allah shi ba ka yawan rai, ko za ka ɗan huta yara su taɓa?"

"An ci ni?"

"Ba a ci ka ba."

"To mi za ya tashe ni? Kaɗo, kai ka yanke doka, kai za ka ci ta da albasa?"

Aka yi dariya. Gaskiya tasa ce. A dandalin dara ba a ce wa wanda ya ci ya tashi, balle dattijo.

Na kai wa mai gyara kukana lokacin da na je gyaran waya. Ya juya akwatin, ya tura wani ɗan makunni da ban taɓa taɓawa ba, don ban iya karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Ya ajiye abin murɗawa ɗaya a kan tebur, ya miƙo mini ɗayan. Ɗigo ya taso. Sandar can ta motsa da kanta ta tare shi. Na dubi tebur, ba hannu. Na dubi mai gyara, yana cin goro.

"Wa ke ciki?"

"Ba kowa. Lissafi ne. Waɗanda suka ƙera shi sun koya masa bin ɗigo."

Kasuwar Shagari, bayan azahar, Baffa na zaune ba abokin karawa. Na ce, "Baffa, na kawo maka baƙo."

"Shina ina?"

Na tura makunnin, na ajiye abin murɗawa na biyu a kan tabarma, gaban kowa. Sandar ta motsa da kanta. Wani mahauci ya yi a'uzubillahi ya ja da baya har ya kusa ture zana. Wani malami da ke bakin ƙofa ya ce masa, "Zamna. Ba aljani ba na. Wanda ya hore wa ɗan Adam ƙarfe Shi ya hore mashi wanga."

Baffa ya buga sama, abin ya tare. Ya buga ƙasa, ya tare. Ya yi masa irin yaudarar da yake yi wa samari, ya karkata kafaɗa gefe ya aika ɗigo wani gefen. Abin ba ya kallon kafaɗa. Ba ya tsoro, ba ya jin kunyar furfura, zage-zagen 'yan kallo ba sa shiga kunnensa. Na ga zufa na bin gemun tsohon nan. Ni da na shirya abin, gashin jikina ya tashi. An ci Baffa.

Ya ajiye abin murɗawa a hankali, ya miƙe, ya ɗauki sandarsa. Samari biyu suka rugo za su zauna su kara da juna. Ya gitta sandar a gabansu.

"Ɗaya za ya zamna. Wanda ya ci shi ka riƙe wuri. Baƙon Kaɗo ya ci, wuri nashi na, sai an tashe shi."

Ban yi wannan tunanin ba. Ni dai so nake in kawar da tsoho. Amma doka doka ce, ba wanda ya musa. Daga ranar abin murɗawa na biyu ya zauna a tabarma shi kaɗai, ba mai tsallaka shi. Labari ya kai Sifawa, ya kai ƙauyukan da ban taɓa takawa ba, cewa akwai abin da ya ci Baffa. Kowa na so a ce shi ya tada shi. Suka yi ta zuwa suna biya, yana kada su ɗaya bayan ɗaya. A shekarar da masu shaguna ke rufewa, gidana bai kwana da yunwa ba, har na sayi 'yar fadama.

Baffa bai sake zama ba. Yakan tsuguna a gefe ya zuba wa sandar akwatin ido. Wata rana ya ce mini, "Shina da nawa, ba shi saurin tarewa in ɗigo ya bugi kusurwa. Bari damina ta wuce, mu gamu."

Ba su gamu ba. Wata ranar kasuwa na kunna, gilashi ya yi fari fat. Mai gyara ya buɗe cikinsa a gabana. Na zaci zan ga ƙafafun agogo suna juyawa. Wani koren allo ne, da layuka sirara kamar hanyoyin ruwa a gonar albasa, a tsakiya wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu da yawa, bai kai yatsana tsawo ba. Ya ce duk wasan a cikinsa yake, shi ya ƙone, kuma irin kayan nan sun daina shigowa ƙasa.

Na ce ya cire mini shi. Na kai wa Baffa har ruga, na ɗora masa a tafin hannu. Ya juya shi, ya shinshina, ya ɗaga shi sama ya duba.

"Wanga ya ci ni?"

"Shi ne, Baffa."

Ya rufe hannunsa a kai. Sannan ya ce, "Ikon Allah. Ya mutu ba a tashe shi ba." Ya kwance layar wuyansa ya ɗaure shi a gefenta, bai nemi izinina ba.

Yanzu ina Bodinga. Idona ya yi rauni, 'ya'yana ke noman fadamar. Ni ina gadin rumbun albasa.